Da Sanin Babansa?

A gidajenmu na Na'ibawa, mai goya yaro zuwa asibiti daban, mai ikon cewa a kai shi daban. Mai goyon sau da yawa kaka ce, ko gwaggo, ko abokiyar zaman uwar, ko wata yarinya 'yar shekara 12 da aka ɗaura wa ƙaninta a baya aka damƙa mata kati da kuɗin a-daidaita-sahu. Mai iko kuwa uba ne, kuma a unguwarmu uba ba ya wuni a gida. Tun da sanyin safiya ya fita, ko kamfani a Sharada ko Challawa ko can Bompai, ko 'Yan Lemo inda ake sauke kaya daga manyan motoci, ko 'Yan Katako. A cikin wannan tsari na tashi. Daga baya na yi shekaru ina bin gida-gida da takarda da alli, ni ce mai rubutu a ayarin masu ɗigon foliyo. Don haka tambayar nan da malamar asibiti kan jefa wa wadda ta kawo jariri, "Da sanin babansa?", na ji ta ina mai kawowa, na kuma yi ta ina mai karɓa. Tambaya ce da ta girmi asibitin kansa.

Al'ada ce ta fara raba mai ɗauka da mai yarda. Mace mai cikin fari gidan iyayenta take komawa goyon ciki, can take haihuwa, can take wankan jego har ta yi arba'in. A kwanakin nan ko ƙofar gida ba ta leƙawa, uban jaririn kuwa yana wata unguwa, sai dai ya aiko da itace da kayan ƙauri. Ga kunyar ɗan fari: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta nuna damuwa da shi a gaban mutane, balle ta goya shi ta ratsa unguwa. In yaye ya zo wajen kaka ake kai shi, wani daga nan ya zauna ke nan. Sannan ga riƙo, inda za a ɗauki yaro a ba 'yar'uwar da Allah bai ba haihuwa ba, ta ci da shi, ta tufatar da shi, ta aurar da shi. Da Bahaushe ya ce ɗa na kowa ne, yadda gidansa ke tafiya ya faɗa.

Wanda ya karanta labarin Baba ta Karo, tsohuwar nan ta ƙasar Zazzau da Mary Smith ta rubuta tarihinta daga bakinta a 1949 da 1950 aka buga a 1954, zai tarar da wannan duka. Baba ba ta haihu ba, amma ta riƙe 'ya'yan dangi. Ita ce kuma ta ba da labarin yadda ake kare yara daga agana kafin zuwan Turawa, ta hanyar karce hannu a shafa ruwan ƙurjin mai cutar, kuma ba ta ɓoye cewa wasu yaran sukan rasa ransu a haka ba. Abu ne mai haɗari ƙwarai. Sai dai mutanen gari ne ke yi wa 'ya'yansu, sun san mai yin, sun san jikin da aka ɗebo ruwan, kuma mai yanke shawarar da mai riƙe yaron daga tukunya ɗaya suke ci.

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, lamba, wato rigakafin agana, ta koma aikin hukuma. Makarantar Koyon Tsafta ta Kano, wadda aka buɗe a 1932, ta riƙa yaye duba-gari, En'e kuma tana tura ma'aikatanta ƙauyuka. Umarni daga sama yake gangarowa: Razdan ya gaya wa Sarki, Sarki ya gaya wa hakimi, hakimi ya gaya wa dagaci, dagaci ya gaya wa mai unguwa, mai shela ya zaga da yamma. A duk jerin nan babu inda aka tsaya aka tambayi uban yaro, balle uwarsa. Kakarmu ta wajen uba ta yi ƙuruciyarta lokacin Na'ibawa tana ƙauye a bakin hanyar Zariya, gonaki sun kewaye ta, kuma takan ba mu labarin ranar da aka ce 'yan lamba sun sauka a ƙofar gidan dagaci. Sai a cusa yara cikin rumbu, wasu a kora su gona tun da asuba. Wanda aka kama aka yi wa, da an dawo gida sai a matse lemon tsami a wurin a goge don kada ta kama. Abin lura, tsofaffin da aka yi wa ta gargajiya suna yara su ne masu ɓoye jikokin. Karcewar sun santa, mai karcewar ne baƙo, kuma ya shigo bai yi sallama ba.

A 1967 aka fara babban gangamin kawar da agana da rage ƙyanda a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, da taimakon Amurka da Hukumar Lafiya ta Duniya. Suka zo da wata na'ura da ake takawa da ƙafa tana harba magani cikin fata ba tsinken allura, kakarmu bindiga take ce mata. A 1970 aka ga mai agana na ƙarshe a Najeriya, a 1980 aka shelanta an kawar da ita daga duniya. Wannan karon ma ta hannun sarakuna aka bi, amma mutane sun fito, domin ba sai an yi wa Bakano bayanin agana ba. Kowace unguwa akwai mai zanzana a fuska, akwai wanda ta makantar. Kuma sau ɗaya ake yi, a fili, magidanci ya tasa yaransa gaba ya kai su da kansa.

Abin ya sauya fasali a shekarun da kamfanoni suka cika Kano. Bompai ce ta riga, sannan Sharada, sannan Challawa: masaƙu, majemu, kamfanonin roba, na alewa, na sabulu, na man gyaɗa. Mutane suka yi ta kwararowa daga karkara suna kama haya a Na'ibawa, Unguwa Uku, Sheka, Ja'en da Panshekara. Mahaifinmu a wata masaƙa yake aiki a Sharada, wani makon aikin safe, wani makon aikin dare. A daidai wannan zamani aka kawo shirin rigakafin yara na EPI a ƙarshen shekarun 1970, aka sake ƙarfafa shi a 1984, sannan Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, likitan yara, ya riƙe ma'aikatar lafiya daga 1985 zuwa 1992 ya tura shi har asibitocin sha-ka-tafi. Shi wannan shiri zuwa ne bayan zuwa: akwai ta haihuwa, ta mako 6, ta mako 10, ta mako 14, sai ta ƙyanda a wata 9. Babu leburan da zai yi fashin aiki sau 5 saboda jariri, ya san kuɗin yini za a yanke masa. Ta farko kan faɗo mai jego tana ɗaki, ta biyu kwana 2 bayan arba'in, lokacin da take yawon gaishe-gaishen dangi. Ta haka rigakafi ya tashi daga dandali ya koma cikin aiken matan gida.

A gidanmu gwaggonmu ce mai kai ƙannena, ƙanwar Baba da aurenta ya mutu ta dawo gida. Ba ta taɓa ɗaukar jariri ta fita haka nan ba. Sai bayan isha'i, in Baba ya ci tuwo ya wanke hannu, ta durƙusa daga bakin ƙofa ta ce, "Yaya, gobe ranar allurar Auta ce, Hajiya ta ce in kai shi." Ya ce, "Wacce kuma? Ba an yi masa ba?" Ta ce, "Ta cinya ce, ta biyu. Sun ce zai yi ɗan zazzaɓi, a ba shi farasitamol." Ya ɗan yi shiru, ya laluba aljihu ya ajiye kuɗin mota a kan tabarma, ya ce, "Allah ya sa a dace." Izinin ke nan gaba ɗayansa, ba sa hannu ba dangwale. Amma duba abin da ke cikinsa. An gaya masa ranar, an gaya masa wace allura ce, an gaya masa abin da zai biyo baya, an kuma sako sunan Hajiya, mahaifiyarsa, wadda ba ya tsallake maganarta. Saboda haka in yaro ya kwana kuka da zafin jiki, cinya ta kumbura, ba wanda ake tuhuma. A gidajen da ake kai yaro a ɓoye, zazzaɓin nan na kwana ɗaya shi ke tona asiri, kuma na san auren da ya girgiza a kansa.

Sai 1996, shekarar sanƙarau. Annobar ta kama mutane fiye da 100,000 a Najeriya ta kashe fiye da 11,000, akasari a Arewa, ga ƙyanda da kwalara sun haɗu da ita. Asibitin Zana, asibitin cututtuka masu yaɗuwa, ya cika har ana kwantar da yara a ƙasa. A cikin wannan hali kamfanin Pfizer na Amurka ya zo ya gwada sabon maganinsa, Trovan. Yara 200 aka ɗauka, kusan rabi aka ba su Trovan, sauran aka ba su wani sanannen magani don a kwatanta. Yara 11 suka rasu, 5 daga ɓangaren Trovan, 6 daga ɗaya ɓangaren, wasu suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki, abin da sanƙarau kansa ma yakan bari. Trovan maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, ba shi cikin alluran rigakafi, amma a tarihin izini a Kano babu abin da ya kai shi nauyi. Iyaye suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi, ba kuma wanda ya gaya musu cewa a harabar nan likitocin ƙungiyar MSF suna ba da maganin da aka saba da shi kyauta. Kamfanin ya ce ma'aikatan jinya sun yi bayani da Hausa, iyaye sun yarda da baki. Jaridar Washington Post ce ta fasa ƙwan a Disambar 2000, daga bisani aka ji cewa takardar amincewar kwamitin asibiti da aka gabatar, bayan an gama gwajin aka rubuta ta aka sa mata tsohon kwanan wata. Gwamnatin Kano ta kai ƙara a 2007, aka yi sulhu a 2009 kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba, kuma sai a 2011 iyalai 4 na farko suka karɓi diyya, bayan gwajin ƙwayar halitta don tabbatar da dangantaka.

Abin da na daɗe ina juyawa a raina shi ne, a irin wannan rana wa ke kai yaro asibiti? Yaro ya sanƙare da tsakar rana, uba yana bakin inji a Challawa, ba wayar hannu a lokacin. Wanda ke kusa shi ke sungumarsa, ko kawu, ko maƙwabci, ko kaka. Mutumin da ya shigo a gigice da yaro a kafaɗa, duk abin da mai farar riga ya faɗa masa "to" zai ce, kuma wannan "to" ɗin roƙo ne. Wanda ya rubuta ta a matsayin yarda ya zalunce shi.

A 2003 Majalisar Ƙoli ta Harkokin Shari'a, ƙarƙashin Dakta Ibrahim Datti Ahmad, wanda shi ma likita ne, ta ce tana zargin an gurɓata maganin foliyo da sinadarin hana haihuwa, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da ɗigon a jihar. Sai ƙarshen Yulin 2004 aka dawo da shi, da maganin da aka sayo daga Indonesiya, ƙasar Musulmi. Zargin bai tabbata ba, kuma yara ne suka biya kuɗin dakatarwar da ƙafafunsu. Cutar ta koma ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita, har da Yaman da Indonesiyar kanta, a 2006 kuma Najeriya ta ƙirga yara fiye da 1,100 da ta shanye. Ban yarda da dakatarwar ba, amma na san abin da ya haife ta. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake.

A shekarun nan ne kuma masaƙu suka yi ta rufewa, ba wuta, ga atamfar waje ta cika Kantin Kwari. Iyayen da a da ba sa wuni a gida suka koma zaman dakali, mahaifinmu na cikinsu. Su muka tarar da muka fara bin gidaje. Ayarinmu mace mai ɗigo da akwatin ƙanƙara, ni mai rubutu, sai wakilin mai unguwa da ke tsayawa a waje tunda an rubuta "Ba Shiga" a zaure. In an ɗiga, a shafa wa yaro tawada a ɗan ƙaramin yatsan hagu, ni kuma in yi alama da alli a bango. Wani dattijo da aka sallama daga majema ya taɓa tsare mu a ƙofarsa ya ce, "'Yata, yarona yana kwance da zazzaɓi, na je asibiti an rubuta min magani ba ni da kuɗin saye. Wannan da ban roƙa ba kun biyo ni da shi har gida, wata-wata, kyauta. Gaya min dalili." Akwai amsa. Foliyo cuta ce da za a iya shafewa daga duniya kamar yadda aka yi wa agana, shi ya sa aka zuba mata kuɗi, kuma ɗigon yana bukatar maimaici kafin ya kama jikin yaro, musamman inda gudawa ta yi yawa. Amma ba a tsara aikin don a zauna a yi wannan bayani ba. Gidaje aka ƙirga mana, kafin azahar a gama.

A cikin gida kuwa, uwa ta ce maigida ya hana, sai kaka ta ɗaga murya daga ɗakinta, "Ni na haife shi. Ku ɗiga musu, in ya dawo ya same ni." A irin wannan gida ana ɗigawa, kuma ba na jin an ci amanar kowa, don kowa ya san maganar tsohuwa ce sama, ta kuma ɗauki nauyin abin a fili. Wanda bai kwanta min ba shi ne ɗaya salon, inda mace za ta miƙa yaro gidan maƙwabta ta kan katanga ta aiko a ce a ɗiga masa amma kada a shafa tawada. Ko a tara yara a layi da alewa da madara a ɗiga wa duk wanda ya buɗe baki, ko a tare matafiya a tashar Na'ibawa a ɗiga wa jaririn da ke hannun wata ba a tambayi mece ce ita a wurinsa ba. Yaran sun sami kariya, wannan gaskiya ce, ba kuma ƙaramin abu ba ne. Amma duk uban da ya dawo ya ga tawada a yatsan ɗansa ba da saninsa ba, ya ƙara gamsuwa cewa akwai lauje cikin naɗi. Zagaye na gaba ƙofar a kulle ake samunta, har da ta maƙwabcinsa.

A 2011 gwamnatin jiha ta yi barazanar gurfanar da iyayen da suka ƙi. Ranar 8 ga Fabrairun 2013 'yan bindiga suka buɗe wuta a wasu ƙananan asibitoci biyu, ɗaya a wajajen Unguwa Uku nan kusa da mu, ɗaya a Hotoro, suka kashe masu aikin rigakafi 9, mata irinmu masu fita don ɗan alawus. Allah ya jiƙansu. Ba zan taɓa sa waɗanda suka yi wannan ta'asa a ma'auni ɗaya da uban da ya ce a'a a ƙofar gidansa ba.

Abin da ya juya al'amarin, a ganina, shi ne komawa ga sallama. Daga 2009 Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya haɗa kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya, marigayi Sarkin Kano Ado Bayero ya ɗiga wa yara da hannunsa a bainar jama'a, masu unguwanni suka riƙa komawa gidan da aka ƙi da yamma, lokacin da maigida yake nan, su zauna da shi a zaure. Aka ɗauki matan unguwa masu shuɗin hijabi, waɗanda ke zuwa barka da suna, suka san mai ciki da mai goyo a kowane lungu. Aka fara kafa rumfunan duba marasa lafiya inda ake ba da maganin zazzaɓi da na tsutsar ciki tare da ɗigon, wato an amsa wa dattijon nan tambayarsa. A Yulin 2014 aka ga yaro na ƙarshe da ainihin ƙwayar foliyo ta kama a jihar Kano, a Sumaila, ranar 25 ga Agustan 2020 kuma aka tabbatar Afirka ta rabu da ita. Wani nau'in da ke rikiɗa daga maganin ɗigon a inda rigakafi ya yi ƙaranci yana nan, shi ya sa har yanzu ake zagayawa.

Masu cewa uba kaɗai ke da magana ba su ƙarasa karatun ba. A mazhabar Malikiyya da muke bi, waliccin yaro na uba ne, amma in aure ya mutu reno na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare gidan miji. In uwa ta rasu ko ta yi wani aure, sai kaka, sannan 'yar'uwar uwa. Duk ɗalibin da ya sauke Risala ya bi ta wannan babi. Wadda shari'a ta damƙa wa kwanan yaro da wankansa da jinyarsa tana da baki a maganar lafiyarsa. Dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ita ma ta ɗora wa iyaye, ko mai riƙo, ko duk wanda yaro ɗan ƙasa da shekara 2 ke hannunsa, nauyin ganin an yi masa rigakafi cikakke, Kano kuma ta yi tata dokar kare yara a 2023. A Ingila ƙa'idar ma'aikatan lafiya ta yarda kaka ko mai reno ta kawo yaro ba wasiƙa, in dai ma'aikaciyar ta gamsu cewa mai alhakin yaron ya sani ya yarda. In ta ji ƙamshin saɓani sai ta dakata.

Ina goyon bayan a tambayi uba. Abin da ba na goyon baya shi ne uban da ya hana ba don ya bincika ba, sai don ya nuna shi ne maigida, ko don fushin da yake yi da gwamnati, ko da matar. Wanda ya ce a'a, wajibinsa ne ya taka ya je asibiti ya ji bayani da kunnensa, domin jikin da cutar za ta kama ba nasa ba ne. Yanzu ma abin ya yi sauƙi. 'Yar ƙanena ce a hannuna, uwarta ta yi wani aure, shi kuma yana aikin dare a wani kamfanin roba a Challawa. Ranar allura a gaban malamar nake kiransa in buɗe muryar wayar, ta gaya masa wace ce za a yi, ya ce a yi, ya koma barcinsa.

Mashaƙon da ya ɓarke daga ƙarshen 2022 zuwa 2023 ya nuna inda aka bar gibi. Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, akasari yaran da ba a yi musu alluran jarirai ba ko ba a ƙarasa ba. Allurar da ke kare mashaƙo ita ce ta cinyar nan ta mako 6 da 10 da 14, wadda sai an ɗauki yaro an kai shi. Shekarun da muka yi muna ɗiga foliyo a ƙofa, an bar wannan ga yaron da ya dace da mai kai shi. A Oktoban 2023 kuma aka fara allurar HPV mai kare 'yan mata 'yan shekara 9 zuwa 14 daga sankarar bakin mahaifa, da yawa a makarantu ake yi, inda ba uwa ba uba sai hedimasta da malamar aji. Yarinya mace, allura, maganar mahaifa: duk wanda ya ga 2003 ya san abin da wannan haɗin zai iya tayarwa in aka tsallake iyaye don sauri.

Mafi wuya su ne almajirai. A Na'ibawa da kewayenta akwai makarantun allo cike da yaran da iyayensu ke Jigawa da Katsina, har Damagaram da Maraɗi. Uba ya kawo ɗansa ya damƙa wa malam ya ce ga amana, ya koma, wani sai shekara ta zagayo. In malam ya yarda, makaranta guda ta samu a zama ɗaya, in ya ƙi duk sun rasa, kuma a duka biyun ba wanda ya ji ta bakin iyayen. Wani alaramma a bayan tasha ya nuna min yadda yake yi. Yana da littafi da ya rubuta da ajami, sunan kowane yaro, garinsu, da lambar wayar uba ko ta wani a ƙauyen. In aka ce gobe za a zo allura, da daddare sai ya sa babban gardi ya bi lambobin ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yarda a yi masa alama, wanda ya ce a'a malam ya karɓi wayar da kansa ya yi masa bayani. Waɗanda ba a samu ba kuwa, ya ce shi ke yanke musu hukunci, a yi musu, domin ranar da uban ya ajiye yaron bai ce masa karatu kaɗai ya ba shi ba. Kuɗin katin wayar daga aljihunsa yake fita, kuma ya ce har yau ba wani ayarin rigakafi da ya tambaye shi nawa yake kashewa.